Kawu Bawa da Jiragen Filin Ƙwallo

Ku da kuka san Kawu Bawa ba sai na gaya muku ba, mutumin nan bai taɓa jin taken ƙasa yana zaune ba. Duk inda ya riske shi, tsam zai miƙe, ya haɗe ƙafafu, ya ƙame. Da idona na ga wanzami ya kai rabin kansa a bakin kasuwar Gusau, sai rediyon mai shayi ya saki take. Kawu ya zabura, aska ta shafce shi a bayan kunne, jini na bin wuyan riga, shi ko gezau. Wanzami na ta salati yana cewa, "Malam Bawa, don Allah zauna in tsai da jinin ga!" Bai tanka masa ba sai da aka kai ƙarshe, sannan ya juyo ya ce, "Kai da askarka ke aiki ana take, kai ya kamata a tuhuma. Najeriya na kallo hwa!"

Wannan ita ce kalmarsa. Yaro ya zubar da ɓawon rake a hanya, Najeriya na kallo. Mai tsaron gida ya bari ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, Najeriya na kallo. Ni kaina, Garba, ɗan yayarsa, da gemuna da motar lodin da nake tuƙawa tsakanin Tsafe da Gusau da Bungudu, in na yi fakin a karkace sai na sha ta. Har mamaki nake yadda Najeriya ba ta da wani aiki sai kallon mutanen unguwarmu.

Aikinsa kuwa, wanda ba wanda ya ɗora masa, shi ne zana layin filin ƙwallo da farar ƙasa. Kai, jama'a! Ban taɓa ganin mai tattalin abu kamar yadda Kawu ke tattalin farar ƙasar nan ba. Ana tashi daga wasa zai bi layi da tsintsiya da gwangwani yana sharo wadda ta rage, wai ta sake amfani. Ɗigon fenariti kuwa ba ya sa shi sam. Aka tambaye shi dalili, ya ce, "Don mi zan zuba farar ƙasa ga abin da ba a tabbatar za a yi shi ba?" Saboda haka in rafali ya hura fenariti, sai kowa ya tsaya, mai bugu ya riƙe ƙugu, gola ya jingina da turke, a jira Kawu ya taso daga bakin fili da gwangwaninsa, ya auna da ƙafa, ya ɗiga ɗan mitsitsi. In an buga ya dawo ya kwashe abinsa.

Rafalin da ya fi kowa haƙuri da wannan hali shi ne Baba Sande mai gyaran keke na Sabon Gari. Mutumin Gabas ne, Kirista, amma a Gusau aka haife shi, Hausar bakinsa ta fi tawa. Shi da Kawu tun suna samari suke tare, kullum cikin musu a kan satar gida, kullum kwano ɗaya. Da ƙasa ta rikice ya kwashi iyalinsa ya tafi. Bayan an gama yaƙin basasa ya dawo ya buɗe rumfarsa, sai dai ba Sanden da muka sani ba ne. Ya rame, ya rage magana, filin ƙwallo kuwa ko ta gefensa ba ya bi.

Shekarar da aka mai da mu tuƙin hannun dama ne, ko ta bayanta, na kai tayar keken maigidana mai motar faci, na iske su biyu a rumfa. A gabana Baba Sande ya ce, "Bawa, da an gama kaka zan tattara in koma Gabas. Wannan karon ba dawowa."

Kawu ya ce, "Wa yat taɓa ka? Hwaɗa mini sunanshi."

"Ba wanda ya taɓa ni. Kowa na gaishe ni, har gaisuwar ta yi yawa. Ni ne dai na kasa sakin jiki."

Wallahi na ga Kawu ya tsufa a wurin nan take. Ya ɗauki gwangwaninsa ya fita ko sallama babu. Kwana da kwanaki ba ya cin abincin kirki, har uwata ta fara tambaya ko wani ya yi masa baki.

Ana cikin haka sai labari ya ɓullo a tasha. Wani ɗan kamasho ya ce ya ji daga wani direban tanka, shi kuma daga wani da ya dawo daga Ikko, wai sojan sama sun horar da wasu samari da ke alkafura da jirage. Wai suna bi ta saman filin wasa a jere, su saki hayaƙi kore da fari da kore, su zana tutar ƙasa a sararin sama. Wai kuma an ba su umarni su zaga ƙasar nan kaf, duk garin da ake wasan ƙarshe na kofi sai sun leƙa. Mu direbobi mun san irin wannan zance, da shi muke shan shayi. Kawu kuwa ya haɗiye shi ɗungurungum, ko tauna bai yi ba. Ga shi kuma an sa wasan ƙarshe tsakanin Tsafe da Bungudu a filin Gusau, kowane ɓangare ya ce bai yarda da rafalin da ɗayan ya kawo ba. Suna ɗaya suka haɗu a kai, Sande.

Kawu ya ja ni har rumfar, wai in zama shaida. Ya ce, "Sande, ka hura muna wasan ga. In jiragen nan sun ka zo, sun ka zana tutar ƙasa bisa kanka kana tsakiyar fili, ka san ƙasar ga taka ce, ka zauna. In ba su zo ba, ni da kaina zan ɗauki akwatinka in kai maka tashar jirgin ƙasa."

Baba Sande ya daɗe yana kallon sa. Na san abin da ya gani, ya ga hanyar tafiya ba tare da sun ɓata ba, don shi ya tabbata ba jirgin da zai zo. Ya ce, "Na yarda, Bawa." Suka tafa.

To daga nan ne wahalata ta fara. Kawu ya zauna ya yi tunani, ya gano matsala: daga can sama yaya matuƙi zai bambance Gusau da Funtuwa? Duk rufin ƙasa ne da kwano. Dole a shimfiɗa musu alama. Tuta za a yi a ƙasa, a bayan raga, babba wadda ko makaho ya hau jirgi sai ya gan ta. Na ce, "Kawu, yadin da zai yi wannan ai sai masaƙa." Ya ce, "Wa yac ce maka yadi? Harawa kore ce, auduga fara ce. Tada mota."

Da sassafe muka isa Tsafe. Kafin in gama duba ruwan mota Kawu ya tara mutane a bakin hanya yana ba su labari, jirage uku ne, ɗaya na kore, ɗaya na fari, ɗaya na kore. Masu harawa suka yi ta jido dami, wani ma ya ce a haɗa da ta jakinsa, jakin ya yi haƙuri. Muka sauke a Gusau, muka tsaya sallah da cin abinci, sai la'asar muka shiga Bungudu. Ashe wata mota ta riga mu. Muna tsayawa wani tsoho mai goro ya riƙo hannun Kawu ya ce, "Malam Bawa, ka ko ji? Jirage tara za su zo wasanmu, ɗaya ma zai sauka ya ba kyaftin hannu!"

Kawu ya juyo ya dube ni, idonsa har ƙyalli yake. "Ka ji ko, Garba? Kai da ke musu. Har Bungudu an sani!"

Na ce, "Kawu, ai labarinka ne na safe ya hau wata mota ya riga mu isowa."

Ya ce, "Ni uku nac ce. Wanga tara yac ce. Ka ga ke nan ya fi ni majiya."

A ƙauyen Furfuri muka nemi auduga, kuma aro Kawu ya ce a ba shi. Wani manomi ya riƙe baki ya ce, "Bawa, yau na ji sabon abu. Auduga ake ara?" Kawu ya ce, "Tuta za ta yi ta dawo maka. Audugarka za ta ga jirgi kafin kai, mi kake so ya wuce wannan?" Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ba da buhu. Haka Kawu yake, sai ya roƙe ka abin da hankali bai ɗauka ba, ka ba shi, ka kuma yi masa godiya.

Ranar Juma'a da hantsi aka shimfiɗa tuta, wasa kuwa washegari ne. Gaskiya ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Harawa nan, auduga a tsakiya an danne da duwatsu, harawa can. Kawu ya hau kan motata ya leƙo, ya sara mata. Sai aka kira sallah, muka ɗunguma masallaci gaba ɗaya. Ba wanda ya tuna cewa awakin Gusau ba sa zuwa Juma'a.

Innalillahi! Da muka dawo, duk akuyar da ke garin nan tana wurin, har da waɗanda ban taɓa gani ba, ina jin daga garin Mada aka aiko musu. Kore na dama ya tafi, kore na hagu saura kara. Kawu ya yi kururuwa ya faɗa cikinsu da rawani a hannu, ya samu ya cafke wata ja mai ciki, ya rantse sai ya kai ta gaban alƙali da laifin cin amanar ƙasa. Mai ita, Inna Tumba mai ƙosai, ta fito da ludayi a hannu ta ce, "Bawa, ka ji tsoron Allah. Ka shimfiɗa wa dabba abinci iya ganinta, ka tafi masallaci, ka ce ta yi maka gadi?"

Kawu ya ce, "Tutar ƙasa ce ta ci!"

Ta ce, "To ai 'yar ƙasa ce ita ma. Sakar mini akuya."

Ya sake ta. Ya zauna a kan dutse ya dafe kai, ni kuwa na ɗauka shi ke nan an huta. Ina! Can sai ya ɗago ya dubi itatuwan dogon yaro da ke gefen fili. Kafin magariba ya sa mun sassabo ganye mun cike gurbin, yana ta murna wai wannan karon duk akuyar da ta ci ta ci ɗaci. Baba Sande ya biyo ta wurin da keke, karo na farko tun dawowarsa, ya tsaya daga nesa yana kallon tsoho na jan reshe. Ya daɗe kafin ya wuce.

Ranar wasa ban taɓa ganin taro irin wannan a Gusau ba. Mutanen Tsafe a mota, mutanen Bungudu a keke da jaki da ƙafa, har da tsofaffin da ba su san ƙwallo zagayayya ce ba. Baba Sande ya fito da baƙin gajeren wando da usur, aka yi ta tafi. Aka take wasa, amma wa ke kallon wasa? Kowa wuyansa a sama. Wani ya ƙwala, "Ga su nan!" Golan Tsafe ya ɗaga kai, 'yan Bungudu suka zura masa ɗaya. Da aka duba, ungulaye ne suka taso daga mayanka.

Aka tafi hutu aka dawo, shiru. Rana ta fara sanyi, shiru. Mutane suka fara guna-guni, wasu samari na waƙe Kawu, "Malam Bawa, ina jirgi?" Shi ko yana tsaye a bakin layi da gwangwaninsa, ya ƙi kallon kowa. Ni na san ba tsokanar ce ke cin sa ba. Akwatin Sande yake gani a kansa, da hanyar tasha. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da na biye masa tun farko.

Sai muka ji shi. Daga gabas ya taso, wani rugugi can ƙasa-ƙasa, kafin ka ce me ya cika kunne, ƙasa har rawa take. Fili ya ɗauki ihu. Ni ban kai ga ɗaga kai ba idona ya faɗa tsakiyar fili. Baba Sande ya zube rub da ciki, ya rufe ƙeya da hannu biyu, usur na bakinsa, jikinsa na ɓari. Dattijo, rafali, a gaban garuruwa uku. 'Yan wasan da ke kusa da shi suka yi cirko-cirko, na ji dariya ta fara tashi daga wajen samarin nan.

Kawu ma ya gani. Mutumin da ya yi makonni yana jiran wannan ƙara, wallahi ko sau ɗaya bai dubi sama ba. Ya yi jifa da gwangwani, farar ƙasarsa ta watse, ya ruga da gudu ya faɗi rub da ciki a gefen Sande, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, "Ku kwanta! Kowa ya kwanta! Haka ake gaida jirgin soja! Wanda duk yat tsaya bai san doka ba!"

To wa zai yi musu da Kawu Bawa a kan dokar ƙasa? Mutumin da aska ba ta hana shi tsayuwa ba? 'Yan wasa suka zube. Masu gyaɗa da masu rake suka zube. Ɗan sandan da ke tsaron ƙofa ya dubi dama ya dubi hagu, ya ga kada a ce shi ne bai san aikinsa ba, ya zube. Wani babban mutum da aka kawo wa kujera ya tattare babbar riga ya durƙusa a bayanta. Ni ma ga ni nan, hancina cikin ƙasa. Rugugin ya bi ta kanmu ya yi yamma, ya yi ta raguwa har ya ɓace.

Kawu ne ya fara tashi. Ya kakkaɓe riga, ya kama Sande ya miƙar da shi, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Rafali, ka fi mu sanin ƙa'ida, kai kaf fara. Hura a ci gaba!" Aka yi tafi. Baba Sande ya goge fuska, ya hura usur, ya kai wasan nan har ƙarshe. Kada ku tambaye ni wanda ya ci kofi, ku tambayi mutanen Tsafe, har yau suna cewa ungulu ce ta cuce su.

Bayan an watse muka rage mu uku a gindin dogon yaron da muka yi wa aski. Baba Sande ya ce, "Bawa, ban taɓa gaya maka ba. A can, in ka ji wannan ƙarar, kwanciya ake yi. Ɗiyata ƙarama tana kasuwa ran nan. Ba ta kwanta da wuri ba."

Kawu ya sunkuyar da kai. Hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ni kuwa na yi ta kiran su bisa kanka. Ka yafe mini, Sande."

"Ba ka sani ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma alkawari alkawari ne. Jirgi ɗaya na ji, kuma ba wata tuta."

Kawu ya share ido da hannun riga. "Ka gani?"

"Ina zan gani, fuskata na ƙasa?"

"Garba, kai ka gani?"

Na ce, "Kawu, ni har yanzu ƙasa nake tofarwa."

Ya ce, "To ni ma ban gani ba. Duk filin ga ba mai shaida guda. Wa zai rantse ba su zana ba?"

Baba Sande ya dube shi, ya dube ni, sai ya fashe da dariya, irin tasa ta da, har da buga cinya. Yana dariya yana kuka. Ya ce, "Bawa, kai ba ka da magani." Akwatin nan dai bai je tasha ba. Kafin sati ya zagayo, a Bungudu an ce jirage tara ne, a Tsafe an ce sha biyu, kuma kowa ya ga hayaƙin da idonsa, mutanen da na san hancinsu na cikin ƙasa tare da nawa.

Kawu bai taɓa ganin wasan jiragen nan ba har ya koma ga Allah. Na taɓa tsokanar sa na ce, "Kawu, ka sha wahalar harawa da awaki, abu ya zo ko kai ba ka ɗaga ba." Ya ce, "Jirgi ai ya san hanyarshi, Garba. Sande na ji tsoron ya ɓace mini." Ranar da muka kai shi makwancinsa kun ga wanda ya biyo mu da sanda, yana tafiya yana hutawa, ya ƙi a ɗauke shi a mota. Baba Sande ne, ga shi nan zaune a cikinmu, a garinsu.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya rufa wa abokinsa asiri a tsakiyar fili, Allah ka rufa masa nasa ranar da za a tara mu gaba ɗaya. Amin.